Yadda Ake Kula da Tarantula Bayan Ta Yi Saɓa

Tarantula, ƙaton gizo-gizon nan mai gashi da ake kiwo a akwatin gilashi ko na roba, ba ta da ƙashi a cikin jiki. Fatarta ta waje ita ce ƙashinta, kuma ba fata ce mai buɗewa ba. Idan jiki ya cika ta, dole a tuɓe ta gaba ɗaya a fito da sabuwa. Wanda ya saba ganin saɓar maciji zai ɗauka duk abu ɗaya ne, amma ta tarantula ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Sai ta zaro ƙafafu 8 daga tsohon kubensu, da 'yan hannuwan nan 2 na kusa da baki, da fiƙoƙinta, har da siririyar fatar da ta lulluɓe cikin maƙogwaro da tumbi da huhu. Abin da ke fitowa bayan wannan aiki halitta ce mai taushi, a gajiye liƙis, ba ta iya cizo, ba ta iya kare kanta, gyare guda ma na iya yi mata illa.

Sabuwar fatar tana buƙatar kwanaki kafin ta yi tauri, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne mai kiwo ya fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Aikin da za ka yi da hannunka bai taka kara ya karya ba. Abin da za ka hana kanka yi shi ne mai yawa.

Da farko, ka tabbata ta gama

Galibinsu rigingine suke kwanciya su yi saɓa, a kan 'yar shimfiɗar saƙa da suka tanada tun kafin lokacin. Sabon mai kiwo yana ganin ta ƙafafu a sama sai gabansa ya faɗi, ya kai hannu zai birkito ta. Kada ka taɓa ta. Tarantular da ke bakin mutuwa ba rigingine take kwanciya ba. Tana nan a kife yadda ta saba zama, sai dai ƙafafun sun naɗe sun shige ƙarƙashin jiki.

Ƙarama na iya gamawa cikin ƙasa da awa guda. Babba kan kwashe awanni, kuma tun kafin murfin bayanta, wato ɓawon da ya rufe saman gaban jikinta, ya ɗaga tana iya daɗewa kwance ba motsi. Fitowar ƙafafu kuma ba ita ce ƙarshen aiki ba. Bayan ta rabu da tsohuwar fatar takan ci gaba da kwanciya a gefenta, tana naɗe ƙafafu tana miƙe su a hankali, tana maimaitawa. Wannan motsi ne ke sa gaɓoɓin su daidaita kafin fata ta daskare a kansu. Ita da kanta za ta birkice ta tsaya da ƙafafunta idan lokaci ya yi. Kafin nan, murfin akwati ma kada ka ɗaga sai da dalili.

Idan kuwa irin mai haƙa rami ce, ta shige ta toshe ƙofa da ƙasa da saƙa, to ba ka da aikin yi ban da cika mazubin ruwa. Kada ka tono ta don ka ga ko tana raye. Tana iya yin makonni a ciki. Wata rana za ka wayi gari ka ga ta buɗe ƙofar, sau da yawa ma ta jefo tsohuwar fatar waje.

Ka fitar da duk abin da ke motsi a akwatin

Dalili ɗaya da zai sa ka buɗe akwati tun tana kwance shi ne idan akwai abinci mai rai a ciki. Gyare ba ya zaɓen abin da zai ci. Idan yunwa ta kama shi ya tarar da jiki mai taushi, zai gwagwiye shi. Tsutsar da ake sayarwa don ciyar da irin waɗannan dabbobi ta fi gyare ha'inci, don takan nutse cikin ƙasa ka manta da ita, sai ta fito daga baya, ko a tsutsarta ko bayan ta rikiɗe ta zama ƙwaro. Abin da ya dace shi ne a kwashe su tun lokacin da tarantula ta fara ƙin abinci. Idan an makara, ka sa dogon hantsaki ta ɓangaren da ya fi nisa da ita. Idan gyaren yana kusa da ita, kada ka bi shi da hantsaki kuna zagaye, don guje-gujensa kaɗai ya isa ya firgita ta. Ka ajiye ɗan yankin karas a can lungu, ka jira ya zo ci, ka kife shi da ƙaramin kofi.

Ruwa

Nan ne ya kamata ka fi mai da hankali, kuma akwai dalili. Gizo-gizo yana da tsokar da ke naɗe ƙafa, amma a wasu manyan gaɓoɓin ƙafar ba shi da tsokar miƙewa. Jini yake turawa da ƙarfi cikin ƙafar, matsin jinin ya miƙe ta. Shi ya sa mataccen gizo-gizo kullum ƙafafunsa a naɗe suke. Da wannan matsin ne tarantula ke turo kanta daga tsohuwar fata, da shi kuma take buɗa sabuwar ta ƙara girma kafin ta yi tauri. Saɓa tana cin ruwan jiki sosai, kuma sabuwar fata tun tana ɗanya ba ta riƙe danshi kamar tsohuwa. Abinci zai iya jira, ruwa kam ba zai jira ba.

Ka wanke mazubin, ka cika shi da ruwa mai tsabta. Ya zama marar zurfi, mai faɗin da za ta iya tsoma gaban jikinta ciki. Ga 'yan ƙanana, murfin kwalba ya wadatar, ko ɗigon ruwa a jikin saƙa. Kada ka sa soso ko auduga a ciki. Ba ta buƙatarsu, ƙazanta kawai suke tarawa. Idan mazubin yana nesa da inda take kwance, ka ajiye na biyu kusa da ita ba tare da ka gogi jikinta ba. Sirinji marar allura yana taimakawa wajen zuba ruwa ta hudar iska, ba sai ka buɗe murfi ba. Idan ka ga ta kifa baki cikin ruwa ta daɗe a haka, sha take yi, ka ƙyale ta.

Batun danshin akwati kuwa, a nan mutane ke wuce gona da iri. Ana yawan cewa a ƙara danshi bayan saɓa, sai mutum ya ɗauki abin feshi ya jiƙe ko'ina har da ita kanta. Kada ka fesa mata ruwa a jiki. Gashinta yana jin motsin iska kaɗan ma, balle feshi, kuma firgita a wannan hali na iya sa ta zabura ta ji rauni. Ka bar akwatin a yanayin da irinta ya saba da shi. Grammostola rosea ta ƙasar Chile da Chromatopelma cyaneopubescens ta arewacin Benezuwela daga busassun wurare suka fito, jiƙaƙƙiyar ƙasa takura ce gare su. Ya isa ka bar ruwan mazubi ya ɗan malala ya jiƙa lungu ɗaya. Theraphosa blondi ta dazuzzukan ruwan sama na arewacin Kudancin Amurka ita ce ke son ƙasa mai danshi, shi ma danshi, ba caɓi ba. Masu zama a bishiya irin su Avicularia kuma iska mai ratsawa suka fi buƙata. Akwati jiƙaƙƙe marar hudojin iska yana kashe su.

Ka ba ta lafiya

Ba ɗauka, ba taɓawa da buroshi don a ga ko za ta motsa, ba matsar da akwati, ba ƙwanƙwasa gilashi. Idan akwatin yana kusa da lasifika ko ƙofar da ake bugawa, ka rage hayaniyar maimakon ka ɗauke shi. Zafin ɗaki na digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas ya dace da yawancin ire-iren da ake kiwo. Kada rana ta doki gilashin kai tsaye, kada kuma a sa abin ɗumama a ƙarƙashin akwati, don ita idan zafi ya dame ta ƙasa take nutsawa.

Abu biyu da ake mantawa: tururuwa da maganin ƙwari. Tururuwa na iya taruwa a kan tarantula mai taushi su gama da ita, don haka ka duba gefen akwatin da wurin da yake zaune. Feshin maganin ƙwari kuwa, ko a wane lokaci guba ne gare ta. Haka maganin ƙuma da kaska da ake ɗiga wa kare ko kyanwa. Idan ka shafa dabbar, ka wanke hannu kafin ka taɓa mazubin ruwa.

A kwanakin nan za ka ga ta yi wasu irin kwanciya masu ban tsoro: ta baje ƙafafu shame-shame, na gaba sun miƙe gaba, na baya sun miƙe baya, ko ta tattare su wuri ɗaya kamar mai jin sanyi. Miƙa ce kawai. Za ka kuma ga cikinta ya motse, ya fi na da ƙanƙanta, ƙafafu kuwa sun ƙara tsawo. Wannan ma daidai ne. Launinta zai fito tas, kuma idan a da akwai sanƙo a bayan cikinta inda ta karkaɗe gashi, yanzu ya cike.

Tsohuwar fatar

Babu gaggawar cire ta. Ba ta cutar da tarantula, wasu ma sukan rungume ta su tattauna, su bar ta a duƙunƙune. Idan tana kwance a kanta ko tana riƙe da ita, ka haƙura. Sai ta matsa gefe sannan ka sa hantsaki ka ɗauko a hankali. Idan ka ji saƙa ta riƙe ta har shimfiɗar tana motsi, ka saki ka dawo gobe.

Kada ka kama fatar da hannu tsirara idan irin tarantular daga nahiyar Amurka ya fito. Yawancinsu suna da gashin ƙaiƙayi a bayan ciki, yana nan a jikin tsohuwar fatar, wasu ma har a shimfiɗar saɓa suke barbaɗa shi don kariya. A fata ƙaiƙayi ne da kurji, a ido kuwa magana ce ta asibiti. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, amma sun fi sauri, dafinsu kuma ya fi ƙarfi, saboda haka dogon hantsaki ya zama dole ta kowane hali.

Fatar tana da amfani, kada ka yar. Ita ce hanya mafi tabbas ta sanin mace ce ko namiji. Ka zuba ruwa mai ɗumi kaɗan a faranti, ka ɗiga sabulun wanke kwanuka ɗigo ɗaya, ka jiƙa ta na 'yan mintuna har ta yi laushi. Fatar ciki takan murɗe ta zama kamar tsumma. Ka sa tsinken sakace biyu ka warware ta sannu a hankali, cikinta yana kallon sama. Za ka ga fararen tabo guda 4, biyu a gaba biyu a baya. Wuraren huhu ke nan. Ka duba tsakanin biyun gaba, waɗanda suka fi kusa da ƙugu. Idan akwai wani ɗan leɓe da ke ɗagawa idan ka zura tsinke ƙarƙashinsa, sau da yawa da 'yan ƙahoni biyu ko ɗan tudu a kansa, to mace ce. Wurin ajiyar maniyyi ke nan. Idan wurin a shafe yake, namiji ne. A kan ƙanana sai da gilashin ƙara girma, ko ka ɗauki hoto da waya ka zuƙo shi, kuma idan ta yi ƙanƙanta ainun gara ka jira saɓa ta gaba.

Tun fatar tana shimfiɗe, ka ƙirga ƙafafun, ka duba fiƙoƙin biyu sun fito cikakku. Ka rubuta ranar a takarda ka liƙa a jikin akwati. Tazarar da ke tsakanin saɓa da saɓa tana ƙaruwa da shekaru: 'yan ƙanana na iya yi kusan duk wata, manya kuwa sau ɗaya a shekara, wasu ma fiye da shekara. Da wannan rubutu za ka gane ƙin abinci na gaba ko na saɓa ne.

Fiƙa ce za ta gaya maka ranar ciyarwa

Kwanan wata taimako ne kawai, launin fiƙa shi ne hujja. Da ta fito daga saɓa fiƙoƙin farare ne sol. Bayan kwanaki su koma ja-ja, sannan su yi duhu, daga ƙarshe su zama baƙi wuluk masu sheƙi. Sai sun yi baƙi har tsini ake ba ta abinci. Hanyar gani ba tare da taɓa ta ba ita ce ka jira ta hau jikin gilashi, ko lokacin da take gyara jiki tana jan ƙafa ta cikin baki, ka haska tocila daga ƙasa na ɗan lokaci.

Idan ba ka samu ganin fiƙar ba, ga ƙiyasin da masu kiwo ke bi: 'yan ƙanana kwana 3 zuwa 7, matsakaita kwana 7 zuwa 10, manya mako 2, ƙattin ire-ire kuma a ƙara musu a kan haka. A ganina, duk inda ka yi shakka ka ƙara kwanaki. Babbar tarantula mai lafiya tana iya yin watanni ba ta ci ba, ƙarin mako guda ba zai yi mata komai ba. Amma fiƙa mai taushi idan ta soki ƙwaro mai tauri tana lanƙwashewa ko ta karye, kuma ba za ta dawo ba sai a saɓa ta gaba, wadda ga babba shekara ce ko fiye. Kada kuma ka ruɗu don ka ga ta kai wa ruwa hari lokacin da kake zubawa. Motsi take bi, ba alamar ta shirya ba ce.

Ranar ciyarwa ta farko ka ba ta ƙwaro ɗaya tak, wanda bai kai girman cikinta ba, mai taushin jiki. Gyare matsakaici ko ƙaramin kyankyason kiwo ya yi. Idan tsutsa ce ko kyankyaso mai nutsewa, ka murƙushe kan da hantsaki tukuna. Ka sake shi ɗan nesa da ita, ba a kanta ba, kuma kada ka miƙa mata a bakin hantsakin ƙarfe, don tana iya sarar ƙarfen. 'Yan ƙanana suna cin wanda aka riga aka kashe, ko yankinsa. Ƙwarin da aka kamo a waje kuwa a bar su, ba ka san abin da suka taka ba.

Sai ka zauna ka kalla. Idan ta cafke, shi ke nan. Idan ta ja da baya, ko ta ɗaga ƙafafun gaba tana kora, ka cire shi ka sake gwadawa bayan kwana 3 ko 4. Ko ta wane hali kada ƙwaro mai rai ya wuce awa 24 a akwatin. Washegari ka nemi ɗan dunƙulen da ta rage ka fitar kafin ya yi fumfuna. Bayan saɓa sukan ci da haɗama, amma ba dalili ba ne na ɗura mata kullum. Ciki ya ɗan fi murfin bayanta girma, ya isa. Wanda ya kumbura fiye da kima ya fi saurin fashewa idan ta faɗo.

Idan abu ya ɓaci

Guntun tsohuwar fata da ya maƙale a ciki ko a ƙafa ba kullum ba ne abin damuwa, sau da yawa ita take cire abinta. Abin dubawa shi ne ko ya toshe baki, ko hudojin huhu da ke ƙarƙashin ciki, ko mafitar kashi, ko ya ɗaure ƙafa. Idan haka ne, ka tsoma buroshin zane mai laushi a ruwa mai ɗan ɗumi ka riƙa shafa guntun har ya jiƙa ya saki da kansa. Kada ka ja, kada kuma ruwa ya shiga hudojin huhu. Ƙafar da ta ƙi fitowa sam, galibi tarantular da kanta take yar da ita daga gaɓar kusa da jiki, wurin ya rufe. Da ƙafa 7 tana rayuwarta lafiya lau. A saɓa ta gaba sabuwa za ta fito siririya, ta cika girma a saɓa ɗaya ko biyu bayan nan. Ƙafar da ta fito a karkace ma haka, saɓa ce ke gyara ta.

Jininta ba ja ba ne. Ruwa ne garai mai ɗan shuɗi-shuɗi, don sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsa na jan ƙarfe ne. Idan ka ga ɗigo yana tsattsafowa daga gaɓa ko ciki bai tsaya ba, ka ɗebi sitacin masara a bakin busasshen buroshi ka ɗora a wurin, ka tabbata ruwan sha yana kusa. Babbar tsaga a ciki ba kasafai ake tsira daga ita ba, shi ya sa ake hana ɗauka.

Idan ciki ya yamushe ya yi tamoji, ƙafafu suka fara naɗewa ƙarƙashi alhali tana kife, ƙishirwa ce ta kai maƙura. A nan kam za ka taɓa ta: ka matso da ita a hankali har bakinta ya shiga ruwan mazubi marar zurfi, cikin kuma ya tsaya a waje a busasshiyar ƙasa don ta samu numfashi. Ka bar ta a haka, kana leƙawa. Fiƙa ɗaya idan ta karye, tana iya ci da ɗayar, sai dai a ba ta ƙanana ko waɗanda aka kashe. Idan duka biyun ne, a fasa cikin ƙwaro a dama da ɗigon ruwa a murfin kwalba, a ajiye gabanta, a kwashe bayan 'yan awanni. Inda ake da likitan dabbobi da ya san irin waɗannan halittu, a nemi shawararsa.

Idan saɓar ta fito da balagaggen namiji

Ka duba ƙarshen hannuwan nan biyu na kusa da baki. Idan sun gajarce sun yi kumburi a kai, da wani ɗan ƙulli mai sheƙi a ƙasa, namiji ne ya balaga. A ire-ire da dama za ka kuma ga ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafun gaba biyu, amma ba duka ke da ita ba. Wannan ita ce saɓarsa ta ƙarshe a mafi yawan lokuta, kuma abin da ya rage masa galibi watanni ne zuwa shekara ɗaya ko biyu, alhali macen wasu ire-iren, kamar Brachypelma hamorii ta Meziko, tana haura shekara 20. Zai rage ci, ya yi ta yawo yana hawan gilashi neman mace. Ka ƙara masa ƙasa a akwati don tazarar faɗowa ta ragu, ka cire duk wani abu mai kaifi ko tauri, kuma kada mazubin ruwansa ya bushe.

Sauya akwati

Idan saɓar ta sa akwatin ya yi mata kaɗan, ka jira fiƙa ta yi baƙi, ta ci abinci sau ɗaya ko biyu, sannan ka bar kwanaki kaɗan bayan cin. Ka yi aikin a ƙasa, ba a kan tebur ba, a wurin da babu maɓoya, da kofin roba a hannu na kife ta idan ta zabura. Ka kora ta cikin kofin da buroshi ta ƙafafun baya, ka rufe, ka kai ta sabon wuri. Ka ɗebi ɗan tsohuwar ƙasa da guntun saƙarta ka zuba a bakin sabon maɓoyin, ka cika ruwa, abinci kuma sai bayan kwana 3 ko 4.